SU WA KE RIƘE DA MABUƊI? SHUGABANCI DA AMANA A ƘUNGIYOYIN KUƊIN INTANET

Jawabi ga 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da sauran biranen Kudu



Cikin shekarar 2024 da wuya mutum ya zauna rumfar mai shayi a Agege, ko Idi Araba, ko Sabon Badun, bai ga samari sun duƙufa a kan wayoyinsu suna ta daddanna allo ba, wai suna haƙar kuɗin intanet. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba. Kamfanin Chainalysis, mai bin sawun hada-hadar irin waɗannan kuɗi, ya sa Nijeriya a matsayi na 2 a duniya wajen karɓarsu a 2023, ya kuma sake sa ta a wannan matsayi a 2024, ƙasar Indiya kaɗai ke gabanta. Yawancin tambayar da a ke yi ita ce, nawa za a samu, kuma yaushe za a fashe. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wadda wannan jawabi ya dosa, watau su wane ne shugabannin waɗannan ƙungiyoyi, wa ya naɗa su, kuma idan sun ci amana gaban wa za a kai su.

LITTAFIN DA BA A GOGEWA

Abin da a ke kira bulokcen ba wani abu ba ne illa littafin lissafi, irin wanda ma'ajin ƙungiya ke riƙewa. Bambancin shi ne, maimakon littafi guda a aljihun mutum guda, kwafensa na nan cikin kwamfutoci masu ɗimbin yawa a ƙasashe dabam-dabam, kuma kowane sabon shafi yana ɗauke da hatimin shafin da ya gabace shi. Wanda ya goge layi ɗaya a tsohon shafi, hatimin duk shafukan da ke biye zai karye, sauran masu riƙe da kwafe su gane nan take. Kuɗin Bitcoin ne suka fara tafiya a kan wannan tsari a watan Janairu na 2009, wanda kuma ya ƙago su, mai kiran kansa Satoshi Nakamoto, ya ɓace daga idon jama'a tun 2011.

Daga nan ne masu tallar wannan fasaha suka ɗauko da'awarsu cewa an wuce zamanin shugaba da ma'aji da magatakarda, tun da littafi na buɗe kowa na gani. Rabin maganar gaskiya ne. Amma littafi ba ya rubuta kansa. Akwai masu tsara ƙa'idar da kwamfutocin ke bi, akwai masu ikon canja ta, akwai kuma masu riƙe da mabuɗin baitulmali. Waɗannan shugabanni ne ko da sun ƙi amsa sunan, kuma shugaban da ya ce shi ba shugaba ba ne ya fi wuyar kamawa.

RIKICIN STEEM

Ba inda wannan magana ta fito fili kamar a rikicin Steem na 2020, don haka ya kamata a ɗan daɗe a kansa.

An kafa Steem a 2016, Ned Scott da Dan Larimer ne a gaba. Zaure ne na marubuta: mutum ya yi rubutu, sauran jama'a su jefa masa ƙuri'ar yabo, bayan kwana 7 a biya shi lada da kuɗin ƙungiyar. Mutanen Koriya ta Kudu da na Benezuwela sun shiga da yawa, 'yan Nijeriya ma ba a bar su baya ba. Masu rubuta shafukan littafin a na ce musu shaidu. Manyansu 20 ne, jama'a ke zaɓensu, sa'an nan a ƙara guda ɗaya daga 'yan baya bi da bi, su zama 21. Duk daƙiƙa 3 a na rufe shafi. Ba a canja babbar ƙa'ida sai shaidu 17 sun amince. Zaɓen kuwa ba ya da rana, kullum a buɗe ya ke, wanda ya ga shaidansa ya karkace sai ya janye ƙuri'arsa nan take. A takarda dai da wuya a sami tsarin da ya fi wannan kyau.

Sai dai akwai rami biyu a ciki. Na farko, ba mutum a ke ƙirgawa ba, kuɗinsa a ke aunawa. Mai jarin dubu ɗari ƙuri'arsa ta ninka ta mai jarin ɗari sau dubu. Na biyu, tun ranar farko, kafin jama'a su san da abin, kamfanin Steemit ya haƙi kuɗi masu yawa ya ajiye wa kansa, wanda ya zuwa 2020 sun kai wajen kashi 20 cikin 100 na dukan kuɗin da ke akwai. Kamfanin ya sha faɗi cewa wannan dukiya ta raya ƙungiya ce, ba za a sa ta cikin zaɓen shaidu ba. Amma alkawari ne na fatar baki, ba a ɗaure shi cikin ƙa'idar da kwamfuta ke bi ba. Shekara huɗu jama'a na zaune a kan alkawarin.

Ran 14 ga watan Fabrairu, 1 ga cikin ranakun da mutanen Steem ba su mantawa, a shekarar 2020, aka wayi gari da sanarwa cewa kamfanin ya koma hannun Justin Sun, wani attajiri haifaffen ƙasar Sin wanda ya kafa Tron. An yi cinikin ne ba da sanin jama'ar ba, kuma waccan dukiya ta bi kamfanin zuwa hannun sabon mai shi. Shin alkawarin ya bi ta? Shaidu ba su sami amsar da ta kwantar musu da hankali ba. Saboda haka bayan kamar kwana goma sai suka yi shawara tsakaninsu a ɓoye, suka shigo da wata sabuwar ƙa'ida wadda ta ɗaure dukiyar kamfanin: ba ta zaɓe, ba ta motsi. Sai bayan an gama aka sanar da jama'a. Hujjarsu ita ce, da an yi shela tukuna, da Sun ya riga su ya tuɓe su cikin sa'a guda.

Ramuwar ba ta daɗe ba. Ran 2 ga watan Maris, manyan kasuwannin canji guda uku, watau Binance da Huobi da Poloniex, suka ɗebi kuɗin Steem da talakawa suka ba su ajiya, suka mai da su ƙuri'a, suka jefa wa waɗansu sababbin shaidu 20 da ke ƙarƙashin Sun. Kafin a ce kwabo an share zaɓaɓɓun shaidun gaba ɗaya, an kwance dukiyar da suka ɗaure. Sun ya fito ya ce an ci nasarar korar masu kutse.

Wannan wuri ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya san kasuwar shanu ko ta goro a Kurmi. Falke ya kan taso daga Arewa ya sauka gidan mai gidansa, ya bar masa kuɗin cinikinsa ajiya, domin ya san da sunan mai gidan a ke ba da bashi a kasuwar, ba zai so ya ɓata shi ba. To, a ƙaddara an zo zaɓen sarkin kasuwa, mai gida ya kwashi kuɗin fataken da ke gidansa ya saye zaɓe da su, bai ko gaya musu ba. Abin da ya faru ke nan. Har ma ya fi haka muni, domin bisa ƙa'idar Steem ta wancan lokaci kuɗin da aka mai da ƙuri'a ba su kwancewa duka sai bayan mako 13, saboda haka masu ajiya da yawa suka zo ɗiban kuɗinsu suka tarar ƙofa a rufe. Da surutu ya yi yawa, shugaban Binance na lokacin, Changpeng Zhao, ya ce sun ɗauka gyara ne irin na yau da kullum, suka janye ƙuri'arsu, Huobi ma ta janye. Poloniex kuwa, Sun na cikin waɗanda suka saye ta a ƙarshen 2019. Waɗansu manyan ma'aikatan Steemit suka ajiye aiki cikin kwanakin nan.

Aka yi ta ja-in-ja da ƙuri'a har mako biyu, talakawa suna tattara ɗan abin da su ke da shi suna mai da tsofaffin shaidu, ɗaya ɓangaren kuma yana sayo ƙarin kuɗi yana ture su. Da jama'a suka ga zaɓen da a ke saye ba ya da ƙarshe, sai suka yi abin da talakan ƙasa ba ya iya yi wa gwamnatinsa: suka kwafi littafin ɗungum suka yi ƙaura da shi. Ran 20 ga watan Maris aka buɗe Hive. Kowa ya tarar da kwatankwacin kuɗinsa da rubuce-rubucensa a sabon gida, ban da dukiyar nan ta kamfani, wadda aka zuba cikin asusun raya ƙungiya, inda ba a fitar da ko anini sai da ƙuri'a. Suka kuma toshe ramin da aka shigo musu ta ciki: sabon jari ba ya zaɓen shaidu sai ya yi kwana 30.

BA WANDA YA FITA DA FARIN RIGA

Masu ba da wannan labari sun fi son su tsaya a nan, talakawa sun ka da attajiri. Amma akwai saura, kuma a sauran ne maganar adalci ta ke.

Waɗanda suka kafa Hive ba dukiyar kamfani kaɗai suka hana ƙaura ba. Sun kuma ware waɗansu mutane da suka jefa wa shaidun Sun ƙuri'a, ko suka wakilta wani ya jefa a madadinsu, suka hana su rabonsu a sabon gida. Gaskiya ne kuɗinsu na Steem na nan ba a taɓa ba, kuma daga baya an buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara. Amma masu yanke hukuncin ƙarar su ne dai masu jarin da suka ci nasara. Mutumin da aka ce masa ƙuri'arsa tasa ce, sa'an nan aka hore shi saboda inda ya jefa ta, yana da dalilin kuka.

Ɗaya ɓangaren kuwa ya wuce gona da iri. Da farko shafin Steemit ya shiga ɓoye rubuce-rubucen masu tallar Hive. Rubutun na nan cikin littafi, ba a iya goge shi, amma tagar da yawancin mutane ke leƙa littafin ta cikinta a hannun kamfani ta ke, sai ya ja labule. Sa'an nan ran 20 ga watan Mayu sababbin shaidun Steem suka canja ƙa'ida, suka kwashe kuɗin Steem miliyan 23.6 daga asusun mutane 64 da a ke ɗauka abokan gāba ne, dukiyar da ta haura dala miliyan 5 a lokacin. Ba sammaci, ba alƙali, ba a ji ta bakin waɗanda aka tuhuma ba. Abin dariya cikin abin takaici, da kuɗin suka sauka asusun da aka tanada, sai wani da ya sami mabuɗin asusun ya tura su kasuwar canji ta Bittrex, da roƙon a mai da wa masu su.

Lalle laifin bai zo ɗaya ba. Wanda ya hana ka kyauta ba daidai ya ke da wanda ya shiga aljihunka ba. Amma kuma hanyar da aka bi a watan Mayu, watau shaidu 17 su haɗa kai su taɓa dukiyar da su ke jin tsoro, tsofaffin shaidu ne suka fara nuna ta a watan Fabrairu. Sun yi da kyakkyawar niyya, ga dukan alamu, sun kuma yi a ɓoye. Makamin da shugaba ya ƙera don ranar wuya ba ya binsa gida idan ya sauka, a ofis ya ke zama ya jira magajinsa.

Tun kafin wannan an ga irin haka a Ethereum. A 2016 wata ƙungiya mai suna The DAO ta tara kuɗin da suka kai wajen dala miliyan 150, ran 17 ga watan Yuni wani ya gano kafa cikin ƙa'idarta ya janye Ether miliyan 3.6. Manyan Ethereum suka goyi bayan a canja littafin a mai da wa mutane kuɗinsu, aka kuwa yi haka ran 20 ga watan Yuli. An yi ƙuri'ar jin ra'ayi, wajen kashi 87 cikin 100 suka amince, amma kuɗin da suka shiga zaɓen ba su kai kashi 6 cikin 100 na waɗanda ke akwai ba. Waɗanda suka ƙi yarda suka ci gaba da tsohon littafi da sunan Ethereum Classic. Mai da wa mutane haƙƙinsu abu ne mai kyau. Kiran shawarar 'yan kaɗan da sunan muryar jama'a shi ne abin dubawa.

GANIN LITTAFI DABAM, SANIN SHAWARA DABAM

Littafin bulokcen yana nuna cewa kuɗi sun tashi daga asusu kaza zuwa asusu kaza, da rana da sa'a. Ba ya nuna ɗakin da aka zauna aka ƙulla shawarar, ba ya kuma nuna fuskar mai asusun.

A watan Maris na 2023 ƙungiyar Arbitrum ta raba wa jama'arta kuɗin zaɓe, ta ce daga yau mulki nasu ne. Shawarar farko da aka kawo gabansu ta ƙunshi a ba cibiyar da ke tafiyar da ƙungiyar kuɗin ARB miliyan 750, kusan dala biliyan 1 a lokacin. Fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙuri'un suka ce a'a. Ana cikin zaɓen sai masu bin diddigin littafi suka gano ashe kuɗin sun riga sun tafi, har an ba da rancen miliyan 40, an sayar da miliyan 10. Cibiyar ta ce ai dama ba izini ta nema ba, tabbatar da abin da aka riga aka zartar ne. Kowane ɗan ƙungiya ya san irin wannan taro, inda a ke kiran mutane shawara bayan an riga an yanka sa an raba nama. Amma a nan littafin ya yi ranarsa, domin ba don shi ba da ba wanda zai sani. Dole cibiyar ta ja da baya, ta fasa shawarar gida-gida, ta yarda sauran miliyan 700 ɗin su riƙa fitowa sannu a hankali cikin shekara 4, da bayanin yadda a ke kashe su.

Maganar fuska kuwa, sai a dubi Wonderland. Ma'ajinta, mai kula da dukiyar ɗaruruwan miliyoyin daloli, sunan aro kaɗai aka san shi da shi, Sifu. A ƙarshen watan Janairu na 2022 wani mai bincike ya tona cewa shi ne Michael Patryn, wanda ya taɓa zaman kurkuku a Amurka kan laifin zamba, kuma yana cikin waɗanda suka kafa QuadrigaCX, kasuwar canjin Kanada da ta durƙushe da kuɗin jama'a a 2019. Shugaban Wonderland, Daniele Sestagalli, ya amsa cewa ya san da haka tun wajen wata guda, ya yi shiru domin yana ganin a ba mutum dama ta biyu. Tuba abin karɓa ne, ba shakka. Amma masu dukiya ne ke da ikon cewa sun yarda tubabbe ya riƙe musu mabuɗi, ba abokinsa ba. Da aka sa maganar a ƙuri'a, jama'a suka tuɓe shi.

Akwai dalilin da ya sa waɗansu ke ɓoye suna, kamar tsoron 'yan fashi ko tsoron azzalumar gwamnati, kuma ɗan ƙungiya na da wannan 'yanci. Mai riƙe da dukiyar jama'a kuwa hukuncinsa dabam ne. A adashin mata ma ba a ba uwar adashin da ba a san gidanta ba.

GABAN WA ZA A KAI ƘARA?

Shekaru da dama masu irin waɗannan ƙungiyoyi sun ɗauka cewa tun da ba ofis, ba shugaba a rubuce, to ba wanda shari'a za ta kama. A 2022 hukumar Amurka mai kula da cinikin hajoji ta kai ƙarar wata ƙungiya mai suna Ooki, ta kuma miƙa sammacin ta akwatin tambayoyin da ke shafin ƙungiyar, tun da ba ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ba wanda ya zo kare ta. A watan Yuni na 2023 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta ci ta tarar dala 643,542, ta kuma ce a rufe shafinta. Kotun ta ɗauke ta a matsayin ƙungiyar mutane wadda ba ta yi rajista ba, kuma hujjar hukumar ita ce masu jefa ƙuri'a su ne 'yan ƙungiyar. Wannan takobi ne mai kaifi biyu. Yana hana manya fakewa da cewa ba shugaba, amma yana iya jawo ƙaramin mai ƙuri'a cikin alhakin abin da manyan masu jari suka ƙulla.

A nan gida, Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kuɗin intanet a watan Fabrairu na 2021, ya ɗage hanin a watan Disamba na 2023. A watan Maris na 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa wannan irin dukiya ƙarƙashin hukumar kula da hannun jari ta ƙasa, ta kuma tanadi ɗauri ga masu kafa asusun yaudara. Ba a cika wata guda ba CBEX ta rufe da kuɗin mutane, har waɗanda abin ya shafa suka far wa ofishinta a Badun suka kwashe kaya. CBEX dai ba ƙungiya ba ce mai zaɓe ko littafi a buɗe, sunan kuɗin intanet kawai ta ara, da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, hukumar kuma ta ce ba ta yi mata rajista ba. Waɗanda suka zuba kuɗi sun san wanda ya gayyato su, yawanci ɗan'uwa ne ko maƙwabci, amma ba su san wanda ke can sama ba. Saboda haka rigimar ta faɗa tsakanin mai gayya da wanda ya gayyato, a unguwa ɗaya.

Wannan ya shafi duk wanda a ke jin maganarsa a zango ko a kasuwa. Kafin ya ce wa na ƙasa da shi su shiga wata ƙungiya, akwai abubuwan da a ke iya bincikawa daga waya. Kashi nawa na kuɗin masu kafawa suka keɓe wa kansu, kuma an ɗaure su cikin ƙa'ida ne ko alkawari ne irin na Steemit? Mabuɗin baitulmali a hannun mutum nawa ya ke, nawa ne cikinsu sai sun sa hannu kafin kuɗi su fita, kuma an san sunayensu? Idan an zartar da shawara, akwai 'yan kwanaki na jira kafin ta fara aiki, yadda wanda bai yarda ba zai iya ɗaukar nasa ya fita? Wanda kuma ya bar kuɗinsa ajiya a kasuwar canji, ya sani mabuɗin na hannun kasuwar, kuma a irin tsarin Steem ƙuri'ar tana bin mabuɗi ne. Masu ajiyar da aka zaɓi shaidun Sun da kuɗinsu ran 2 ga watan Maris na 2020, a labarai suka ji cewa sun yi zaɓe.